Yadda Ake Ba da Umurni da Sifaniyanci

Jama'a, ana yin Sifaniyanci a ƙasashen Sifen da Meziko da Ikwatoriyal Gini. A wannan harshe, yadda ake umurtar yaro dabam, na babba dabam.

Ga misali. Kalmar "comer" tana nufin cin abinci. Ana karanta "c" ɗin nan kamar "k". In yaro ne ko aboki, ka ce "come", wato ci. In dattijo ne ko baƙo, ka ce "coma". Harafi ɗaya ya canza, amma a nan ladabin yake. In ka kuskure, dattijo yana iya ɗauka raini ne.

In hani ne, ka fara da "no". Yaro, "no comas", wato kada ka ci. Babba kuwa, "no coma".

In roƙo kake, ƙara da "por favor", wato don Allah.