Ɗan Aike Ba Ya Aiken Kansa

A unguwar Atrone ta N'Djamena, kamar a kowane gida, idan uwa ta ɗora tukunya ta ga daddawa ta ƙare, ba ta leƙa titi neman wanda za ta aika. Yaron da ke zaune kusa da murhu shi take kira, don shi ya ji lokacin da ta ce miya ba za ta yi ba. Ta ƙirga masa kuɗi a tafin hannu, ta ce, "Maimaita in ji." Ya ce daddawa da kuka. Sai ta ƙara da cewa, "Wajen matar nan ta bakin kasuwa, kada ka tsaya ƙwallo."

Haka kira zuwa aikin bishara yake. Mai yi wa al'ummai addu'a shi ne ke zaune kusa, yana jin abin da ya rage. Kuma a Chadi ba sai an buɗe taswirar duniya ba. Ƙasar tana da harsuna fiye da 100, wasu har yau ba su da Littafi Mai Tsarki cikakke. Tun Afrilun 2023 'yan gudun hijirar Sudan ke kwarara zuwa garin Adre. Wanda ya daɗe yana ambaton waɗannan mutane da sunansu a gaban Allah, wata rana zuciyarsa za ta ce masa zuwa da kai ya fi saƙo.

Sai dai zafin zuciya kaɗai bai isa ba. Yaron da ya zabura ya fita ba a gama yi masa bayani ba, shi ke dawowa da kanwa a maimakon gishiri. A Ayyukan Manzanni sura 13, ikkilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi aka keɓe Barnaba da Shawulu, jama'a suka ɗora musu hannu suka sallame su. Saboda haka matashin da ke jin kira ya fara zuwa wurin fasto da dattawa. Su suka san ko yana riƙe amanar baiko, ko yana zaman lafiya da maƙwabtansa Musulmi, ko zai jure koyon Larabcin Chadi har bakinsa ya faɗa.

Tarihi ma ya nuna cewa aiken yana da tsada. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar shiga yankin da ake kira Sudan a wancan zamani. Cikin shekara guda biyun farko suka rasu. Bingham ya koma gida da ciwo, sai a 1902 mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ya samu wurin zama a Patigi. Daga baya ikkilisiyar da ta tsiro daga wannan aiki, wato ECWA, ta riƙa aika nata 'ya'yan ta hannun ƙungiyarta ta aikin bishara, EMS, da kuɗin da masu bi suka tara.

A nan nauyi ya dawo kan gida. Ba a aiken yaro hannu wofi, ba a kuma kwanciya barci bai dawo ba. Ikkilisiyar da ta roƙi Allah ya tada ma'aikata, ta shirya ciyar da iyalin wanda ya tashi, ta biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, ta riƙa kiransa a waya tana tambayar lafiyarsa. Ta kuma sani tun yanzu cewa wanda za a zaɓa yana iya zama malamin makarantar Lahadin da ta fi ji da shi.