Hoto Nawa Ido Yake Bukata Cikin Sakan Guda?

Idan yaro ya ɗauki bakin wuta da dare ya riƙa kaɗa shi da sauri, masu kallo sai su ga zobe na wuta, alhali garwashi guda ne yake kewayawa. Ido da ƙwaƙwalwa ne suke haɗa abin da suka gani bi da bi har ya zama ɗaya. A kan wannan hali na ido aka gina sinima da telebijin da wasannin kwamfuta. Babu hoton da yake motsi cikinsu. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri.

Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru masu yawa a Tawa, da wannan dabara ya yi "Bon Voyage Sim" a 1966. Ya zana kwaɗi hoto bayan hoto, kowane da ɗan bambanci, har suka yi tafiya a kan allo.

Tun da sinima ta samu murya, wajen 1927, aka tsaya kan hoto 24 cikin sakan guda. Wannan ya isa a ga motsi, amma hasken yakan yi ƙyafta mai gajiyar da ido. Saboda haka injin sinima na dā yakan haska kowane hoto sau biyu ko uku, wato ƙyafta 48 ko 72. Telebijin kuwa ta bi bugun wutar lantarki: hoto 25 a Faransa da Nijar, kusan 30 a Amurka.

Ana yawan cewa ido ba ya ganin abin da ya wuce hoto 30. Wannan magana ba ta da tushe. A 2012 an nuna fim ɗin "The Hobbit" da hoto 48, ƴan kallo kuwa suka lura nan take. Waɗansu ma suka ce ya yi musu kama da shirin telebijin, domin idonsu ya saba da 24.

Ga mai wasan kwamfuta, zancen ya fi haka nauyi. Ɗan kallo yana zaune ne kawai, amma mai wasa yana danna maɓalli yana jiran amsa. In hoto 30 ne, tsakanin hoto da hoto akwai kashi 33 cikin 1000 na sakan. In 60 ne, sai ya koma wajen 17. In 144 ne, wajen 7. Wanda allonsa ya fi sauri yakan riga ganin abokin karawa.

Amma a lura da lissafin: daga 30 zuwa 60 an rage kashi 16, daga 60 zuwa 144 kuwa 10 kaɗai, ga shi kuɗin na'urar ya ƙaru, batir kuma ya fi saurin ƙarewa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 ba ya nuna 144, kome ƙarfin injin. Kuma hoto 60 da ke zuwa daidai ba tangarɗa ya fi 100 mai tsalle-tsalle daɗin kallo.

Saboda haka magidancin da zai sayi salula ko telebijin, ya fara tambayar kansa aikin da zai yi da ita. Don kallon fim da labarai, allo mai 60 ya wadatar.