Fatalwa da Tsoron Dare: Shin Bincike Yana Rage Tsoro ko Yana Ƙara Shi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka:

Matasanmu na New Bell sun yawaita tambayarmu game da bidiyon masu farautar fatalwa da suke kallo a YouTube da TikTok: shin bin diddigin irin waɗannan abubuwa yana rage tsoro ne ko yana ƙara shi? Amsarmu ita ce, ya danganta da abin da mutum ya fita nema.

Mu fara da aƙida. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu, ta 72. Amma fatalwa, wato mamaci ya dawo yana yawo a lungu, ba ta da asali. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun sun nuna akwai barzahu tsakanin mamaci da duniya har ranar tashi. Aljanun ma ba su san gaibu ba. Aya ta 14 a Suratu Saba'i ta ba mu labarin yadda suka ci gaba da wahalar aiki bayan rasuwar Annabi Sulaimanu (AS), ba su farga ba sai da gara ta ci sandarsa.

Binciken da yake neman sababi yana rage tsoro. A Ingila wani injiniya, Vic Tandy, ya riƙa jin fargaba a ɗakin aikinsa, har ya ga wata inuwa. A 1998 ya wallafa abin da ya gano: fanka ce take fitar da amon da kunne ba ya ji, amma jiki yana ji. Da aka gyara ta, inuwar ta ɓace.

Mu ma a Douala haka ne. A Yuli da Agusta ruwa yana dukan kwano dare farai, katako yana kumbura yana ƙara, ɓeraye suna tsere a silin, ga wuta ta ɗauke. Dannau kuwa, likitoci sun bayyana shi: ƙwaƙwalwa ta farka, jiki bai gama farkawa ba. Mafi haɗari shi ne hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Yana kawo ciwon kai da ruɗewa, yana kuma kisa. Wanda ya ce aljanu ne ya ƙara rufe taga, ya taimaki ajalinsa.

Binciken da yake ƙara tsoro shi ne na neman saduwa da su. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta faɗi cewa masu neman tsarin aljanu ba su ƙaru da komai ba sai wahala. Daga nan ake faɗawa hannun boka, kuɗi su tafi, imani ya raunana, a ƙarshe a ɗora wa wata tsohuwa maƙwabciya tambarin maita ba ta ji ba ba ta gani ba.

Don haka, 'yan uwa, idan motsi ya dame ku, ku haska fitila ku duba. Mara lafiya a yi masa ruƙiyya ta shari'a, a kai shi asibiti. A lazimci Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin barci, kuma a daina razana yara da dodo.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu. Wallahu a'alamu.