Tambayar da ba ta da kalma ko ɗaya

A gidajen ma'aikata na Kubwa da Gwarimpa, yaran da ke shirin jarrabawar shiga sakandare kan ci karo da murabba'ai huɗu a jere, baƙin tabo yana sauya kusurwa, ana neman na biyar. Fitaccen gwaji irin wannan shi ne wanda John Raven ya wallafa a Birtaniya a 1938.

Yawancin kuskure daga kallon hoton a dunƙule yake zuwa. Dabarar ita ce bin abu guda: tabon yana juyawa kamar hannun agogo, ko akasin haka? Taki ɗaya, ko biyu? Bayan nan a ƙirga sassan da aka cike, domin wani lokaci suna ƙaruwa yayin da suke juyawa. A nan uban da ya ƙware da fayil a Sakatariyar Tarayya kan yi jim, ɗansa mai shekara goma ya riga shi.