Makin JAMB Da Ƙwaƙwalwar Mai Son Zama Likita

Ranar da sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, gidanmu a Farin Dutse ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Yayana, wanda tun muna ƙanana ba shi da wata magana sai ta zama likita, ya sami maki 238 daga cikin 400. Ba a ce ya faɗi ba, amma kowa ya san wannan maki da wuya ya kai mutum ajin likitanci. Da yamma wani maƙwabcinmu ya zo yi wa Baba jaje, sai na ji yana cewa, "Malam, a yi haƙuri. Likitanci sai masu kai. A nema wa yaro wata sana'a tun da sauran lokaci." Baba bai ce masa kome ba, amma na lura maganar ta shige shi, domin kwana biyu bayan haka ya fara zancen tura Yaya Kano wurin wani ɗan'uwanmu mai kanti.

Wannan magana ta "masu kai" ita ta hana ni sakat. Da muka koma makaranta na yi ta damun malamanmu da tambaya, na kuma karanta abin da hannuna ya kai gare shi. Abin da na fahimta shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin kimiyya, tun da yake mu ma gobe wannan kwale-kwalen za mu shiga.

Da farko ya kamata mu san mece ce jarrabawar, kuma don me aka ƙago ta. An kafa hukumar JAMB cikin shekarar 1978. Kafin wannan lokaci kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta, har yakan zamana mutum ɗaya ya sami gurbi a jami'a biyu ko uku, wani kuwa bai sami ko ɗaya ba. Aikin hukumar shi ne ta jera masu neman shiga, ta raba musu guraben da ake da su. Watau tun asali ba a kafa ta don auna basirar 'yan Nijeriya ba. An kafa ta ne don masu nema sun fi kujeru yawa. A likitanci kuwa abin ya fi tsanani, domin akwai hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, wadda ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Saboda haka idan ka ji makin shiga likitanci ya yi sama, yawan masu nema ne ya tura shi. Babu wani masani da ya zauna ya gano cewa ƙwaƙwalwar likita daga maki kaza take farawa.

Mai neman likitanci darussa huɗu yake rubutawa: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Turanci tambaya 60 ne, sauran ukun kowanne 40, jimla 180, cikin awa biyu. Mu yi ɗan lissafi, tun da 'yan kimiyya ne mu. Minti 120 a raba wa tambaya 180, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40 ke nan. Sa'an nan idan aka raba maki 100 daidai ga tambayoyi 40, kowace tambaya tana ɗauke da maki biyu da rabi. Ashe bambancin wanda ya ci 270 da wanda ya ci 280 bai wuce tambaya huɗu ba. Kowace tambaya kuma amsa huɗu ake jera maka ka zaɓi ɗaya, don haka ko wanda ya rufe ido ya canka yana iya dacewa sau ɗaya cikin huɗu. To, tambaya huɗu ai zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya cinye su, ko kuwa gajiyar mota ga wanda ya taso daga ƙauye tun asuba don ya kai cibiyar jarrabawa.

Kada dai wani ya ɗauka ina nufin makin ba shi da ma'ana. Yana da ita. A Amurka akwai irin wannan jarrabawa da ake kira SAT, wadda aka fara tun 1926. Cikin 2004 wasu masana biyu, Frey da Detterman, suka kwatanta makin da matasa suka ci a SAT da sakamakonsu a gwajin basira, suka tarar abubuwan biyu suna tafiya tare ƙwarai. Wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ya iya warware lissafin Fiziks cikin daƙiƙa 40 lalle kansa na ja. Idan ka ɗauki ɗalibai dubu da suka ci 300 da wasu dubu da suka ci 150, ba shakka rukunin farko za su fi jure karatun jami'a. Wanda ya yi shekara uku yana barci a bayan aji, kada ya ɗauki wannan rubutu nawa ya kai wa mahaifinsa a matsayin hujja.

Amma shi gwajin basirar kansa me yake aunawa? Wanda ya fara shirya shi wani Bafaranshe ne mai suna Alfred Binet, cikin 1905. Nufinsa shi ne a gano yaran furamare da karatu ke ba su wuya domin a taimake su, kuma shi da kansa bai yarda cewa basira aba ce da aka yanka wa mutum ba ta ƙaruwa ba. Daga baya, cikin shekarun 1980, wani malamin jami'a a Niyuzilan mai suna James Flynn ya tattara sakamakon irin wannan gwaji na ƙasashe da yawa, ya ga makin yana ta hawa, kimanin maki uku a kowace shekara goma. Ba wai jikoki sun fi kakanninsu ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa ba ne. Makaranta ce ta yawaita, abinci da lafiya suka inganta, yara kuma suka saba da irin tambayoyin. Ke nan abin da ake aunawa gauraye ne: akwai baiwar da Allah ya ba mutum, akwai kuma abin da aka zuba masa. Mudu yana gaya maka yawan geron da ke cikin buhu, amma ba ya gaya maka ko gonar ce ba ta da kyau ko kuwa taki ne ba a sa mata ba.

Mu a wannan yanki ba sai mun je Turai neman shaida ba. Cikin 1977, lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, domin sai 1991 aka yanke Jigawa, gwamnati ta ga jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Sai ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka tsamo yara daga sakandarorin jihar, da yawansu 'ya'yan manoma, aka ba su ɗakunan gwaje-gwaje da littattafai da ƙwararrun malamai. Ba a daɗe ba ɗaliban waɗannan makarantu suka fara cika azuzuwan likitanci da injiniyanci a Zariya da Kano. Shin ƙwaƙwalwar Kanawa ce ta sāke cikin shekara goma? A'a, koyarwa ce ta sāke.

Yanzu a dubi yaron da ya tashi a Farin Dutse ko wani ƙauye na Gwaram. Turanci shi kaɗai rubu'in makin ne, sauran darussa ukun ma da Turanci ake tambayarsu. Shi kuwa da Hausa ko Fulatanci yake kwana yake tashi, Turanci sai cikin aji. Tun 2015 kuma aka daina rubuta jarrabawar a takarda, kowa sai da kwamfuta. Gaskiya ne an sauƙaƙa abin, maɓallai takwas kawai mutum ke bukata, amma wanda bai taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar, kafin hannunsa ya daina rawa minti goma sun wuce. Yayana sau biyu tak ya taɓa kwamfuta kafin ranar jarrabawarsa. Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta san da wannan, shi ya sa a jami'o'inta ake raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa maki zalla, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda Jigawa na cikinsu.

Na'urar ma takan yi kuskure. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Jama'a suka yi ta ƙorafi. Da aka bincika, sai shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito cikin watan Mayu ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya nemi gafara har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Da ba a gano ba, da yara nawa maƙwabta za su ce ba su da kai?

Saura babbar tambaya. Wanda ya ci maki mai yawa ya shiga, shi ne zai fi yin nasara a karatun likitanci? Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, a nan Laraba ta fi ba da labarin Alhamis. Karatun shekara shida ne. Shekarar farko ta share fage ce, inda ake maimaita Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a zurfafe, kuma a nan mai maki da yawa yakan yi fice, domin abin da aka gwada shi a kai ne ake ci gaba da shi. Daga nan sai a shiga ilmin ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran jiki, a rufe da wata babbar jarrabawa wadda ɗaliban likitanci ke tsoro fiye da kowace. A nan abin da ake bukata shi ne naci: zama kullum, wata da watanni, ana haddace sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa. Bayan wannan sai asibiti, gaban majiyyaci. Kowane mataki aka hau, sai makin shiga ya ƙara nisa da abin da ake nema.

An ma auna wannan. Cikin 2002 wasu masana uku a Ingila suka tattara binciken da aka yi a kan ɗaliban likitanci, suka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya. Suka ce idan aka raba abin da ke bambanta ɗalibi da ɗalibi gida ɗari, sakamakon karatun baya yana bayyana kimanin gida 23 ne a lokacin makaranta, bayan an fita aiki kuwa sai ya koma kimanin gida 6. Gida 23 ba abin rainawa ba ne, da wuya a sami wani ma'auni guda da ya fi shi. Amma sauran 77 fa? A nan Nijeriya ma, cikin 2005 jami'o'i suka fara yi wa ɗalibai jarrabawar tantancewa ta biyu, saboda sun sha ganin masu manyan makin da suka kasa kome da aka shiga aji, har ana zargin wasu satar amsa suka yi.

Akwai kuma wani dalili da malaminmu na Lissafi ya bayyana mini, wanda ya fi burge ni. Ya ce in ɗauka ranar wasannin gidaje an yi tseren mita ɗari, aka ware yara goma da suka fi kowa gudu. Tsakanin na ɗaya da na goma taku biyu ne ko uku. Idan aka kai su gona aka ce kowa ya nome kunya hamsin, tseren nan ba zai gaya maka wanda zai riga gamawa ba, domin duk masu ƙarfi ne, abin da zai raba su yanzu juriya ce da iya riƙon fartanya. Haka ajin likitanci yake. An riga an tace, kusan kowa mai maki ne, saboda haka makin ya gama aikinsa tun a bakin ƙofa.

Abin da ba a tambaya a JAMB kuwa na gan shi da idona bara, da muka kai kakarmu Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Tsohuwa ce mai kunya, ba ta faɗin ciwonta kai tsaye, sai ta ce "jikin ne dai". Likitan bai ƙosa ba. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi abin da take ci da yadda take barci, a hankali har ta faɗi abin da mu da muke gida ɗaya da ita ba mu sani ba. Ban san makin da ya ci a zamaninsa ba, ban kuma ga wanda ya tambaye shi ba a layin. Wasu jami'o'in ƙasashen waje sun fara neman hanyar auna irin wannan hali. Jami'ar McMaster ta Kanada, a farkon shekarun 2000, ta ƙago wata ganawa inda mai neman shiga ke zagaya ɗakuna, a kowane ɗaki a ba shi 'yan mintoci ya nuna yadda zai yi da wata matsala, alal misali yadda zai gaya wa mutum labari marar daɗi. Amma su ma ba su yar da makin jarrabawa ba, haɗawa suke yi.

Duk wannan na kwashe na gaya wa Baba da na je hutu, har da lissafin tambaya huɗun nan. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To na ji. Amma ko ma'aunin bai cika ba, da shi ake awo a kasuwar." Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ya faɗa. Jami'a ba za ta ɗauki Yaya don na ce yana da haƙuri da tsofaffi ba. Sai muka zauna mu uku muka duba takardar sakamakon darasi-darasi. Ashe a Bayoloji da Kemistiri ya yi kyau, Turanci da Fiziks ne suka ja shi ƙasa, kuma Fiziks ɗin zango biyu suka yi ba malami. Baba ya fasa maganar kanti. Ya ce idan an sayar da riɗi za a ware kuɗin rajista da na wata uku a wurin koyon kwamfuta a Birnin Kudu, Yaya ya sake zama sau ɗaya. Littafin Fiziks ɗina yanzu yana hannunsa, ni kuma ina aro wurin wani ɗan ajinmu har zuwa ƙarshen zango.