AMOSANIN JINI BA YA HANA AIKI

Amosanin jini, watau ciwon da aka fi sani da sikila, gadonsa ake yi daga uwa da uba. Ba a ɗaukarsa ta wajen cin abinci tare, ko musafaha, ko zama ofis ɗaya. Duk da haka akwai masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu waɗanda da zarar sun ga alamar SS a takardar likita sai su ture sunan mai neman aiki gefe. Wanda ya riga ya shiga kuwa, sai a hana shi ƙarin girma, ko a riƙa kiransa rago, ko a sallame shi don ya kwanta asibiti. Wannan zalunci ne, kuma rashin sani ne tushensa.

Yadda ciwon yake

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, sukan kai kwana 120 suna aiki. Na mai amosanin jini kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Idan suka toshe ƙananan hanyoyin jini sai ciwo mai tsanani ya taso a ƙashi da gaɓoɓi. Abubuwan da kan tayar da shi sanannu ne: ƙishirwa, sanyi ko zafi mai tsanani, wahalar da ta wuce kima, da zazzaɓin cizon sauro. Ba kullum yake tashi ba. Idan ya lafa, mutum yakan koma bakin aikinsa da iliminsa da gwanintarsa.

Sai a bambanta SS da AS. Mai AS yana ɗauke da irin ciwon ne kawai, ba majiyyaci ba ne, kuma kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya haka jininsa yake. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara a ƙasar nan. Ƙasar da ke neman ci gaba ba ta iya yin watsi da 'ya'yanta masu wannan yawa.

Abin da doka ta ce

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda halin da aka haife shi a ciki kawai. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago kuma ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa damar karɓar albashinsa na kwanakin aiki har 12 a shekara idan rashin lafiya ya kwantar da shi, muddin likita mai rajista ya tabbatar.

Abin da ake bukata daga shugaban aiki

1. A auna mutum da takardunsa da ƙwazonsa, ba da irin jininsa ba.
2. A tanadi ruwan sha mai tsabta, a bar shi ya sha duk sa'ad da ya bukata.
3. Kada a tsayar da shi cikin rana ko ruwan sama, ko a zaunar da shi gaban na'urar sanyaya ɗaki.
4. A ba shi izinin ganin likita a ranakun da aka yanka masa.
5. A riƙe sirrin lafiyarsa, kada ya zama abin hira a ofis.

Babu ɗaya cikin waɗannan da zai ci kuɗi kamar horar da sabon ma'aikaci.

Ga ma'aikaci

Ka kiyaye shan magungunanka, ka kwana cikin gidan sauro, ka adana takardun likita. In an zalunce ka, rubuta kukanka ga shugabanninka ta hannun ƙungiyar ƙwadagonku. In ba a share maka hawaye ba, akwai ofishin ƙwadago na tarayya a jiharku, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da ikon sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki.

Jama'a, babu wanda ya zaɓi jinin da aka haife shi da shi. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.