Lasifika ce ba ta da kyau, ko kuwa shagon ne?

Ga wata rigima da ba ta ƙarewa a kasuwanninmu, daga Maradi har Damagaram. Mutum ya sayi lasifika don tallar hajarsa. A wurin mai sayarwa murya tangaran, amma da ya kai ta shagonsa sai gunji, kamar ana magana cikin randa. Ya komo yana cewa an cuce shi, mai kaya kuma ya yi ta rantsuwa. Sau da yawa kowanensu gaskiya gare shi.

Mu ma'aikatan rediyo kullum da wannan muke fama. Abin da kunne ke ji kashi biyu ne: muryar da ta fito daga lasifika kai tsaye, da wadda ta bugi bango, rufi da daɓe ta dawo. Sauti yana cin kusan mita 343 a sakan guda, saboda haka a ƙaramin shago su biyun kusan tare suke isowa, su cakuɗe.

Masu ƙera lasifika suna gwada ta da ma'aunin da ake kira hertz, wato yawan kaɗawar sauti a sakan. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 zuwa 20.000, daga kaurin ganga har zuwa siririn fito. Lasifikar kirki ita ce wadda ba ta ƙara wa wani sauti ƙarfi ta danne wani. To, yaya suke cire ɗaki daga lissafi? Suna aje makirfo mita guda gabanta, su saki sauti gajere kamar tafi, kwamfuta ta ɗauka ta datse bayan kashi 3 ko 4 cikin 1000 na sakan, kafin amsawar daɓe ta iso. Sai dai dabarar ba ta kama sauti mai kauri, wanda ke ƙasa da hertz 250 ko kusa da haka. Shi sai an fita fili, ko a matso da makirfo dab da bakin lasifikar.

Tun 1895 wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, ya yi ta jigilar matasan kujeru cikin dare zuwa wani zauren karatu mai amsa-kuwwa, har ya gano lissafin yadda abu mai taushi ke shanye sauti. Mai sayar da atamfa ta riga ta samu wannan kyauta: turamen da ke jere a bango suna yi mata aikin. Mai kwanoni da tukwane a rumfar kwano ita ce abin tausayi.

Kafin ku biya, ku ce a fito da ita waje. Ku tsaya kusa, taku ɗaya, ku sa muryar da kuka sani sarai, kamar ta mai karanta labarai, ba kiɗa ba. In ta yi kyau nan, ta ɓaci a shago, kada ku ga laifin mai kaya. Ku fidda ta daga lungu, don lungu yana kumbura kauri, ku ɗaga ta daidai kunne, ku rataya tabarma ko buhunan garara a bangon da take fuskanta. Amma in tana kakari ko a fili, tun ba a ƙure ta ba, ku bar masa abarsa.